Shahon da ke kan eriya, da ungulun da muka nema muka rasa

 Yau maganar tsuntsu muka zo da ita. Mun san tun daga nan wani zai ce, hatsi ya yi tsada, wuta tana ɗaukewa, matasa ba aiki, ku kuma 'yan rediyo kun rasa abin faɗi sai tsuntsu? Ku yi haƙuri ku bi mu zuwa ƙarshe, sannan ku yanke hukunci.

Bayan gidan rediyon da muke aiki akwai dogon ƙarfen eriya na wani kamfani. Shekarun baya hankaki sun tara ƙirare can kusa da ƙololuwa, suka yi sheƙa, suka yi 'ya'ya, suka bar ta. Cikin sanyin bana mai gadinmu ya fara ƙorafi: kullum da safe sai ya share gashin kurciya da na hasbiya a gindin ƙarfen, wani lokaci har da fiffike guda. Ya ce ko dai kyanwa ce. Muka ce wace kyanwa ce ke cin abinci a sama tana jefo saura ƙasa? Ranar da muka ɗaga kai, sai ga su biyu a zaune bakin tsohuwar sheƙar hankaki, ɗaya ya fi ɗaya girma. Shaho ne da matarsa. Shekara nawa muna shiga muna fita ta wannan ƙofa, ba mu taɓa ɗaga kai ba sai da shara ta dame mu.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon jami'in gandun daji da ya yi ritaya. Shi ya kawo mana madubin hangen nesa, wanda muke ce wa jumel. Kafin ya zo mun riga mun yi ta baza labari cewa irin shahon nan ne da muke gani a bidiyon Turai, wanda ake ce wa faucon pèlerin da Faransanci, wato shaho matafiyi. Dattijo ya duba, ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, duba kansa da kyau. Ka ga jan nan na ƙeya? Wanga lanier ne, namu na gida. Matahiyin kansa baƙi ne ƙirin kamar ya sa hula, da faffaɗan saje. Shi baƙo ne, lokacin sanyi yake zuwa." Muka ce: "Baba, to ina bambancin, tunda duk shaho ne?" Ya ce: "Kai da ɗan baffanka duk gida guda ne, amma ba suna guda ba."

Daga ranar muka shiga makaranta. Mun koyi cewa babbar ita ce macen, domin a gidan shaho mace ta fi namiji girma. Mun koyi cewa shaho irin wannan ba ya gina sheƙa da kansa: ko dai ya sami lungu a jikin dutse, ko ya gaji tsohuwar sheƙar hankaka ko ta shirwa. Mace takan yi ƙwai 3 ko 4, ta kwanta a kansu kamar wata guda, namiji yana yi mata cefane yana kuma karɓar ta kwanci ta ɗan huta. Idan sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan farare ne tas kamar auduga, kuma sai sun yi kusan mako 6 kafin su iya tashi. Namu 3 suka ƙyanƙyashe. Kafin a ce me, 'yan kabu-kabu da ke tsayawa bakin titi sun san labari, mai shayi ya san lokacin da namiji ke dawowa da farauta, yaran lekol suna layi don su leƙa jumel ɗin Baba. Wani yaro ya leƙa ya ga uwa tana yagar nama tana sa wa ɗa a baki, ya juyo ya ce: "Wallahi kamar inna!"

To, ga inda labarin ya karkata. Wata safiya ma'aikatan gyara suka zo da igiyoyinsu, an turo su su duba na'urori su kuma sauke duk wata sheƙa. Ba laifinsu ba ne, aiki aka ba su. Baba ya roƙe su, mu ma muka sa baki, suka buga waya, aka yarda a jinkirta sauke sheƙar har 'ya'yan su tashi. Allah ya saka musu. Amma kafin lokacin, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya faɗo wajen gwajin fiffike. Yara suka riga mu, suka ɗaure masa zare a ƙafa suna yawo da shi unguwa unguwa. Da labari ya iso mana muka je, ya riga ya mutu a hannunsu. Biyun sun tashi lahiya. Bayan haka aka sauke sheƙar. Yanzu ƙarfen tsaf yake, mai gadi ya huta da shara, mu kuma ba mu daina ɗaga kai ba duk da ba kowa a wurin.

Wannan abu ya sa muka koma muka bi labarin shaho matafiyi, wanda da farko muka ɗauka shi ne namu. Ana samun shi a kowace nahiya ban da can ƙuryar kudancin duniya mai ƙanƙara. Idan ya hau sama ya naɗe fiffike ya sako kan abin farauta, gudunsa yana wuce kilomita 300 a awa, babu wata dabba da aka sani ta kai shi sauri. Asali a jikin duwatsu masu tsayi yake haihuwa. Yau kuwa ya zama ɗan birni. A Brussels, babban birnin Beljiyam, tun 2004 ake samun shi yana haihuwa a hasumiyar babbar majami'ar tsakiyar gari, masana suka sa kamara, suka kafa rumfa da allon kallo a filin gaban ginin, duk mai wucewa ya tsaya ya kalli uwa tana ciyar da 'ya'ya. A Paris, a 2013, wasu ma'aurata sun ƙyanƙyashe 'ya'ya cikin akwatin da aka kafa musu a kan doguwar bututun hayaƙi mai tsawon mita 130, abin da aka yi fiye da shekara 100 ba a gani ba a birnin. A New York kuwa tun 1983 suka fara haihuwa a kan manyan gadoji. Dalili a fili yake: dogon bene a idon shaho dutse ne, birni kuma cike yake da tantabaru.

Wanda ya ga bidiyon nan zai ce Turawa dai sun ƙoshi, shi ya sa suke kallon tsuntsu. Mu ma da haka muke cewa. Amma shekara 60 da suka wuce wannan tsuntsu ya kusa ƙarewa a ƙasashensu, kuma yadda aka gano hakan akwai darasi a ciki. A Ingila, wajen 1960, masu kiwon tantabarun tsere ne suka kai ƙara, suka ce shaho ya yi yawa yana cinye musu tantabaru, a cire masa kariyar doka. Hukuma ta ce bari a ƙirga tukuna. Aka ba wani masani mai suna Derek Ratcliffe jagorancin aikin, masu sa kai suka bazu suna duba duwatsun da aka san shaho na haihuwa, a 1961 da 1962. Sai aka tarar da akasin abin da aka kai ƙara: wurare da yawa babu kowa, inda kuma akwai, ƙwai na fashewa a ƙarƙashin uwa.

Ratcliffe bai tsaya nan ba. Ya bi gidajen ajiyar kayan tarihi inda aka adana ɓawon ƙwan shaho tun na kakanni, ya yi ta aunawa. A 1967 ya fitar da sakamako: tun daga wajen 1947 ɓawon ya rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Lokacin ya zo daidai da fara amfani da maganin ƙwari na DDT a gonaki. Ƙwaro ya sha magani, ƙaramin tsuntsu ya ci ƙwaro, shaho ya ci ƙaramin tsuntsu, guba ta taru a jikinsa ta hana macen yin ɓawo mai ƙwari. A Amurka abin ya kai ga cewa a tsakiyar shekarun 1960 babu ko guda da ke haihuwa a duk gabashin kogin Misisifi. A Beljiyam ma ya ɓace a farkon shekarun 1970. Amurka ta hana DDT a 1972, masana suka yi ta kiwon shaho a keji suna sakin dubbai, wasu a kan rufin benaye, har a 1999 aka cire shi daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa.

Ku lura da abu guda a nan. Maganin da ya lalata ƙwan shaho yana shiga jikin ɗan Adam, har cikin nonon uwa an same shi. Wanda ya ƙirƙiro amfaninsa ma an ba shi kyautar Nobel a 1948, kowa na murna. Cikin waɗanda suka fara buga ƙararrawa akwai mutanen da ke zuwa gindin dutse guda kowace shekara suna rubuta abin da suka gani a takarda. Ba don su ba, da ba a sami abin kwatantawa ba. Wannan shi ne duk abin da muke son faɗi yau: kallon tsuntsu a gari aiki ne na sa ido, kuma mu nan mun daina yin shi, har mun yi asara ba mu sani ba.

Ga misali wanda babu mai musu a kai. Duk wanda ya kai shekara 30 a Maradi ko Damagaram ko Birnin Ƙonni ya tuna ungulu. A mahauta, a bakin kasuwa, a kan katangar gida ranar suna ko ranar layya, har sai an kore ta da sanda. Muna yara mun ɗauka ita da gari tare aka halicce su. To mu tambayi kanmu da gaskiya: yaushe rabon da mu ga ungulu a unguwarmu? Wace shekara ta tafi? Babu mai iya cewa, domin ba wanda ya rubuta. Muna ta cewa ungulu za ta koma gidanta na tsamiya, alhali a unguwanni da yawa yau ba ungulun, ba tsamiyar. Yaranmu suna jin "ungulu ba ki jewar banza" a bakin tsofaffi, ba su taɓa ganin jewar ba.

Wanda ya ƙirga mana baƙo ne. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, sannan ya dawo ya bi hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye na daji sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandun da ake karewa. Ita ma ƙaramar ungulun gari, wadda muka sani, tun 2015 aka sa ta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa a duniya. Ƙwai guda take yi a shekara, a kan dogon icce. Idan an sare iccen, ko an kwashe ƙwan, shekarar ta tafi ke nan.

Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai gubar da ake sa wa mushe don kashe karnuka ko kuraye, ungulu ta zo ta ci. Akwai sare manyan itatuwa. Akwai kuma cinikin kai da ƙafa da ƙwan ungulu don tsubbu, wanda kowa ya san yana gudana tsakaninmu da maƙwabta. A 2020 an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba a Gine Bisau saboda wannan ciniki. Wata farar ungulu da masana suka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka ta ƙetare teku da hamada lahiya, ta zo cin rani kudancin Nijar, nan aka harbe ta a 2014 aka kai kasuwa. Ta tsira daga teku, ba ta tsira daga hannunmu ba.

Wani zai ce to sai me, ƙazamar tsuntsuwa ce. A tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 ungulayensu suka yi ta mutuwa saboda wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diklofenak, har wani jinsi ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100 kafin a hana maganin ga dabbobi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike na masana tattalin arziki da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Mu da muke ƙasar kiwo, mu da mushen jaki ke kwana uku a bakin hanya, wannan labari ya kamata ya hana mu barci. Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta taɓa zuwa ma'aikatar magajin gari neman albashi ba.

Abin mamaki shi ne kallon tsuntsu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun fi mu iya shi. Manomi yana ganin shamuwa ta sauka a kan gawo ko tsamiyar gari, ya san lokacin gyaran gona ya yi. Ita kuwa tafiya ce mai nisa take yi: idan damina ta ƙare a nan sai ta ƙetara zuwa gabashi da kudancin Afirka, ta dawo mana wajen Afrilu ko Mayu ta yi sheƙa a tsakiyar mutane. Ba a taɓa ta, ba a jifar ta, yaro ma ya san haka. Wannan kariya ba gwamnati ta kafa ta ba, al'ada ce, kuma ta yi aiki shekaru aru-aru. Ladan da shamuwa ke biya shi ne fara da ƙwarin da take kwashewa a gonaki, ita da balbela. Malamanmu ma suna karanta mana ayoyi, a Suratul Mulk da Suratun Nahl, da ke jan hankali a dubi tsuntsaye a sararin sama. Ke nan ɗaga kai ba koyi da Bature ba ne, komawa ce ga abin da muka bari.

Kuma akwai abin gani. An tabbatar da tsuntsaye sama da iri 500 a Nijar, da yawansu ba sai an je gandun W ko Gadabeji ba. A Yamai, mutum ya tsaya bakin kogi kusa da gadar Kennedy da la'asar sakaliya ya ga balbelu na komawa makwanci jere jere, ya ga jemagu na tashi daga manyan itatuwa, kuma a watannin sanyi mai sa'a yana iya dacewa da shi kansa shaho matafiyi, wanda wasu daga cikinsu ke zuwa daga can arewacin Turai da Rasha. A Damagaram akwai duwatsun Birni da shirwa ke jewa a kansu. A Maradi akwai gulbi da tabkin Madarunfa, a jihar Tawa akwai tabkin Tabalak, a gabas da Damagaram akwai Gidimuni, inda tsuntsayen ruwa na Turai ke sauka. Ko a tsakar gida ma, ga kurciya, ga gwara, ga tsattsewa a ƙarƙashin shato, ga kabare na saƙa a reshen bedi. Rashin kallo ne, ba rashin abin kallo ba.

Yanzu bari mu saurari masu ja, domin suna da hujja. Na farko mai kiwon tantabara da mai kaji. Da muka yi maganar nan a iska, wani ya bugo waya ya ce: "Malam, kuna yabon ɓarawo! Tantabaruna biyu shahonku ya ɗauka." Gaskiya ya faɗa, ba za mu ce ƙarya yake ba. Shaho yana ɗaukar tantabara, yana ɗaukar ɗan tsako in ya samu, kuma ga talaka ɗan tsako kuɗi ne. Amma abin da muka gani a gindin eriya, mafi yawa gashin kurciya da hasbiya da ƙananan tsuntsaye ne, irin waɗanda ke sauka kan gero. Shaho kuma ba ya taruwa garke garke: ma'aurata biyu ke riƙe yanki, suna korar sauran. In ka kashe su, wurin ya zama fili, wasu su shigo. Abin da ya fi shi ne abin da iyayenmu mata suka sani tun tuni, akurki da kwando da rumfar ƙaya ga 'yan tsaki har su yi ƙwari. Mu kuma tuna cewa a Ingila masu tantabara sun rantse shaho ya yi yawa a daidai lokacin da yake ƙarewa. Wanda aka yi wa ɓarna ido yake gani da shi, ba ƙirga ba.

Na biyu, maganar tsaro. Wannan ba wasa ba ce. A halin da ƙasa take ciki, mutum ya tsaya yana nuna jumel ko kamarar waya wajen eriya, ko gada, ko ginin hukuma, zai iya jawo wa kansa tambayoyi, kuma jami'an tsaro suna da dalilinsu. Saboda haka ba mu ce kowa ya ɗauki waya ya yi ta ɗaukar hoto ko'ina ba. A yi abin a fili, cikin jama'a, da sanin mai unguwa da masu wurin, a nisanci bariki da duk inda aka hana. Mu da muka yi namu, sai da muka sanar da mai unguwa, kuma Baba da kowa ya sani yana zaune tare da mu. Tsamiyar unguwa da shaton ruwa da bakin tabki sun ishe mu farawa.

Na uku, masu cewa yunwa ta fi tsuntsu. Haka ne, kuma ba mu ce a ɗauki kuɗin hatsi a sayi jumel ba. Abin da muke nema bai kai kuɗin shayin fada na kwana guda ba: kaye guda da bik. Sannan maganar tsuntsu da maganar ciki ba su rabu ba. Magungunan ƙwari da ake sayarwa a kasuwanninmu cikin kwalabe marasa takarda, waɗanda ake fesa wa kayan lambu da wake, wa ke bin sawunsu? Idan ana feshin jan baki, shaho da shirwa da ke cin waɗanda suka faɗi su ma suna mutuwa. Tsuntsu shi ke fara faɗuwa kafin mutum ya fara tari. Wanda ya lura da shi ya sami gargaɗi kyauta.

To me muke so a yi? Na farko, kamfanonin da ke da dogayen ƙarafa, na waya da na wuta da na ruwa, su sa a cikin ƙa'idar aikinsu cewa in an tarar da sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, a jinkirta sauke ta in dai ba ta barazana ga na'ura. Wata 3 ne kacal daga ƙwai zuwa tashi. Inda sheƙar ke hana aiki, a kafa ɗan faranti ko akwati a gefe, kamar yadda aka yi a Paris da Beljiyam. Duk maƙerin walda a garin nan zai iya haɗa shi da ragowar ƙarfe. Mu mun riga mun rubuta takardar roƙo a kan namu ƙarfen, muna jiran amsa kafin sanyi ya dawo.

Na biyu, ma'aikatun magajin gari su ƙirga manyan itatuwan cikin gari, tsamiya da gawo da kuka da maɗaci, su hana sare su sai da dalili mai ƙarfi. Kowace 3 ga Agusta muna dasa itace, abu ne mai kyau, amma dashen bana sai ya shekara 30 kafin shamuwa ko ungulu ta iya sheƙa a kansa. Icce guda tsoho da aka bari ya fi ɗari da aka dasa aka ɗauki hoto aka watse. Manoman Maradi da Damagaram sun nuna wa duniya yadda ake raya gawo a gona ta hanyar sassaben zamani, har miliyoyin eka suka farfaɗo. Abin kunya ne ƙauye ya raya icce, birni ya sare.

Na uku, malaman lekol da na islamiyya. Kowane aji ya sami kaye guda na tsuntsaye: ranar da aka fara ganin shamuwa, sheƙa nawa a unguwa, ranar da aka ga ungulu da inda aka gan ta, da sunan kowane tsuntsu da Hausa kamar yadda kaka ta faɗa. Mu da muka yi kwalej da Faransanci mun haddace sunayen tsuntsayen Turai a littafi, ba a taɓa fitar da mu tsakar makaranta an nuna mana cilakowa ba. Bayan shekara 10 waɗannan kaye za su zama abin da ɗaliban jami'o'inmu na Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai za su dogara a kai, maimakon mu jira baƙo ya zo ya ƙirga mana. Yaron da ya leƙa jumel ya ce kamar inna, da wuya ya sake ɗaure wa ɗan shaho zare a ƙafa. Yaran da suka yi hakan ba mugaye ba ne, ba wanda ya taɓa nuna musu.

Na huɗu, jami'an gandun daji. Muna da dokar farauta da kare namun daji tun 1998. A fito da ita daga ofis, a fassara ta da Hausa da Zabarmanci, a kawo mana ita gidajen rediyo mu karanta wa jama'a, a zauna da sarakunan mahauta da na mafarauta da masu maganin gargajiya a yi magana ta fahimta a kan ungulu. Mu 'yan rediyo ma muna da laifi, kuma mun ɗauka. Muna da awa awa na gaishe-gaishe, ba mu da minti 10 a mako na abin da ke shawagi a kan rufinmu. Wannan mun yi niyyar gyara shi.

Shaho matafiyi ya dawo biranen Turai da Amurka ne saboda lokacin da ya fara ɓacewa akwai masu kallo da suka lura. Ungulunmu ta tafi ba wanda ya lura. Shamuwa tana nan tukuna, shirwa tana nan, shahonmu na gida ma yana nan yana neman inda zai sa ƙwai. Gobe da safe, kafin ku hau moto, ku ɗaga kai minti guda ku duba shato ko doguwar tsamiyar da ke kusa da ku. Wanda ya ga ungulu a garinsu, don Allah ya riƙe ranar da wurin, ya gaya mana, za mu rubuta a namu kaye.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lahiya.